Inna Huseina, Mai Sauke Dattawa daga Babur

Kullum da sassafe Inna Huseina takan hura gawayi a rumfarta, bakin titin da ya bi ta garin Hajj Abdalla zuwa Sennar. Ta cika randa, ta ɗora shayi, ta zauna jiran dattawan da ke keta yankin Jazira a kan babur. Dokarta ɗaya ce: ba ta miƙa wa mutum kofi yana kan sirdi. Sai ya sauko, ya taka zuwa bakin magudanar gona ya dawo, ya shanye moɗar ruwa.

Tsofaffinmu akwai taurin kai. Mutum zai yi alwala a Rufa'a, ya ƙi kurɓar ruwa don kada fitsari ya karya ta, ya sandare a kan babur har Damazin. Haka mijinta Sodangi ya yi. Ya iso gida da kumburarriyar ƙafa, aka yi ta tausa, gudan jinin da ya daskare a ciki ya haura huhu. Tun ranar jana'izarsa ta ɗaura ɗamara.

Bara na ga aikinta da idona. Wani dattijo, Baba Jibril, ya sauko yana ɗingishi, sharaɓarsa ɗaya ta kumbura, zafi zau. Abokin tafiyarsa ya durƙusa zai tausa masa.

"Kul, ya Hajj! Kar ka taɓa ta!" ta daka masa tsawa.

Baba Jibril ya ce, "Gajiya ce kawai, ƙanwata. Gobe sunan jikana a Mai Wurno."

Ta zare makullin babur ɗin, ta ƙulle a bakin mayafinta. "Halas, magana ta ƙare, Yaya, asibiti za ka. In ka warke ka dawo ka zage ni."

Ta tare motar Sennar, aka tura shi ciki yana masifa. Likitoci suka sami gudan jini, suka riƙe shi a gado. Suna dai ya wuce shi, amma yau yaron a gabansa yake tatata.

Bana gwiwoyinta sun gaji, ta bar wa 'yarta Malak rumfar. Inna, ke ce kika rasa naki, kika hana wasu matan takaba. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ku masu shayi da masu facin taya na bakin hanya, ku yi koyi da ita. In tsoho ya tsaya, ku sauke shi, ku ba shi ruwa. Ku bar shi ya yi fushi, muddin zai isa gida da ransa.