Kwalbar da Na Bari a Taga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, aka kashe ki a ƙofar ɗakin bincikenki, Yaya. Na ce kashe ki aka yi, domin na gaji da masu zuwa gaisuwa suna cewa tsautsayi ne. Da bulo da sandar ƙarfe aka yi shi, kuma ina wurin.

Shekara shida kina bin abu ɗaya: yadda fulorayid, sinadarin nan na man goge baki, yake hana ƙwayoyin cuta manne wa haƙori. Shi ya sa kike roƙon iyaye mata haƙoran 'ya'yansu in sun yi famfara. Ki duba bakin yaro kyauta, ki ba shi buroshi, har suka sa miki suna Anti Haƙori. In na yi ƙorafin warin kwanukan gwaji sai ki ce, "Kai dai wanke, ƙanena, bakinka ya fi su."

Ni na ajiye kwalbar haƙoran a taga don su bushe. Sau biyu kina cewa in mayar da ita kabad. Wani mai wucewa ya ɗauki hotonta a waya, kafin kwana uku unguwa ta ɗauka tsafi kike yi da haƙoran yara.

Da mutanen unguwa suka zo, kika tura ni ciki, kika fita da farar rigarki da takardun izini a hannu. "Ku tsaya in nuna muku," kika ce. Bulon farko a baki ya same ki. Ta ƙasan ƙofa na ga haƙoranki a kan siminti. Cikin masu dukan har da direban da kika kwana biyu kina jinyar kumburin bakin 'yarsa. Ni kuwa ban fito ba. Da wannan zan shiga kabari.

Suka farfasa komai, suka bar ki da sunan matsafiya, sunan da 'ya'yanki suke ji a titi. Kwanukan gwaji biyu ne suka tsira a firji, kowanne da haƙori ɗaya a ciki. Jiya na zuba musu ruwa yadda kika koya mini. Haƙorin da ya sha fulorayid ya wanku tas, ɗayan kuwa ƙwayoyin sun ƙi sakinsa. Gaskiyarki ce, Yaya, amma wa zan nuna wa?

Yau da safe matar direban nan ta ratsa masu zaman makoki, kowa yana kallonta. Ta kwance bakin gyalenta, ta miƙo mini ɗan ƙaramin haƙori.

"Na autata ne," ta ce da ƙarfi. "Anti ta ce in ya fita in kawo mata."

Na karɓa.

Allah ya jiƙan ki, ya karɓi shahadarki, ya bi miki hakkinki. Allah ya ba Inna da mijinki haƙuri, ya raya 'ya'yanki. Ni kuma ki yafe mini, Yaya.