Mastar Barkat Poswal, Mai Ƙirga 'Ya'yan Makiyaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, takwas ga Afrilu, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran abokin aikina Mastar Barkat Ali Poswal a garin Rajauri, bayan gajeren ciwon ƙirji. Ya tafi daidai lokacin da makiyaya ke ɗaure kaya za su hau duwatsun Pir Panjal da awakinsu, lokacin da muka fi bukatarsa.

Barkat, mun daɗe muna koyarwa tare a sakandaren garinmu, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba. Duk shekara ofishin ilimi kan nemi mu faɗi kashi nawa cikin ɗari suka kammala aji sha biyu, ajin ƙarshe na sakandare, maza daban, mata daban, 'yan gari daban, 'ya'yan makiyaya daban. Mu kuwa yadda muka gada, duk yaron da ya bi iyayensa dutse kafin jarrabawa sai a ce ya koma wata makaranta, a cire shi daga lissafi. Bai ci ba, bai faɗi ba, babu shi kawai. Sakamako ya fito fes, a yi ta yaba mana. Kai kaɗai kake zuba mana ƙasa a ido. Na tuna ranar da ka miƙe a taron malamai, kofin shayi mai gishiri a hannunka, ka dubi hedimasta ka ce, "Sahib, wace makaranta ce a kan dutsen? Ko bunsuru ne shugabanta?" Muka tuntsire da dariya, shi kuwa ya haɗe rai har aka tashi.

Abin da kake nema bai taka kara ya karya ba: a fara ƙirga daga waɗanda suka shiga aji tara, a ga nawa suka kai ƙarshe. Ka ce in gaskiya ta fito, hukuma za ta ji kunya ta gina ɗakin kwana, yaran su zauna su rubuta jarrabawa, iyaye su wuce da dabbobi. Shi ya sa duk hutu kake ɗaukar sanda ka bi su masauki-masauki, kana cin gurasar masara da madara, kana tambayar kowace uwa inda karatun ɗanta ya tsaya. Da yake kai ma ɗan makiyaya ne, da harshensu kake magana, ba sa ɓoye maka komai. Sau ɗaya na bi ka, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Har ka rasu kana tsokanata wai ɗan birni ko suri zai hau sai an goya shi.

Da ka haɗa lissafinka ka kai ofis, gaskiya ta fito, ba daɗin ji. Ofis ya ce an gani, za a duba, kuma har yau ana dubawa. Da ka gaji da jira sai ka mai da gidanka ɗakin kwanan. Matarka Zaitun Bibi ta riƙa ɗora babbar tukunya ba tare da ta taɓa ɓata fuska ba. Duk ɗan makiyayin da ya kammala a 'yan shekarun nan, a tabarmarka ya kwana.

Bana Shakila ce a gidanka, 'yar wani babban makiyayi, Chaudhari Mir Baz, mace ta farko a danginsu da ta kai aji sha biyu. Darasi biyu suka rage mata a jarrabawar. Mahaifinta ya zo zaman makoki, 'ya'yansa maza sun riga sun yi gaba da garke. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya juyo gare mu.

"Mastar ya ce in bar masa ita. To yanzu wa zan bar wa?"

Zaitun tana kwance ba lafiya tun ranar da ka tafi, 'yan'uwanta za su ɗauke ta zuwa garin Punch ta yi takaba. Ni ɗaki ɗaya nake haya, ba mace a gidan. Hedimasta ya zuba wa ƙasa ido. Na roƙi Chaudhari ya ba mu kwana biyu mu nemi gida, ya ce ciyawa ta ƙare a ƙasa, awaki ba sa jira, kuma ba ya barin 'yarsa inda bai taɓa cin abinci ba. Bai zargi kowa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Washegari suka wuce ta ƙofar makaranta, Shakila tana bayan doki rungume da ɗan akuya, ba ta ko waiwayo ba.

Na tsaya kai da fata an ƙirga ta cikin waɗanda ba su kammala ba. Iyakar abin da na iya yi mata ke nan, Barkat, kuma ƙirga ba ɗaki ba ce.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa kabarinka ya fi gidan da ka buɗe wa yaran nan yalwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zaitun Bibi, da 'ya'yanka Tanwir da Rubina, da dukan dangin Poswal. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kuma dubi waɗanda ke kan dutse yanzu, waɗanda ba su da mai binsu.