Layin Inna Hure

A Tsamiya Biyu, wani ƙauye da ke gefen hanyar Bici zuwa Bagwai, an yi wani zamani da in ka kira wayar liman, ko ta ungozoma, ko ta mai saida taki, to a wajen kamfanin waya mutum ɗaya ka kira, wato Hashimu mai caji. Shi kansa bai san iyakar layukan da ke ɗauke da sunansa da hotonsa ba. In an tambaye shi sai ya shafa gemu ya ce rabin gari dai, ban da waɗanda suka yi ƙaura.

Hashimu ɗan manomi ne, jikan manomi, amma gonar da ta iso hannunsa bayan an raba gado ba ta fi filin masallacin unguwa ba. Ƙasar nan babu sauran daji. Ka fita daga wannan gida ka faɗa gonar wancan, ka tsallake kunya biyu ka shiga wani ƙauyen. Saboda haka duk wanda ke son ya ci ya ƙoshi sai ya haɗa noma da wata sana'a. Shi tun yana sakandare a Bici hannunsa ba ya zama lafiya, in bai kwance rediyon babansa ba, to ya kwance tocilan ɗin maƙwabci. Da ya gama makaranta sai ya kama ɗan shago a bakin kasuwa, ya sa farantin sola a kan rufi, ya jera soket a jikin katako, ya soma yi wa mutane caji. A hankali ya koyi canza gilashi da gyaran makunni. Shi ne ya koya wa dattawan garin yadda ake danna waya a yi magana a tura, har suka riƙa jin farashin gero da wake daga kasuwar Dawanau ba tare da sun hau mota ba. Da damina kuwa sai ya rufe shago da safe ya tafi gona kamar kowa, masu waya su yi ta zaginsa har azahar.

Wata shekara wani saurayi mai suna Abdulkabir ya zo a kan babur daga ofishin kamfanin waya, ya kawo masa na'urar rajistar layi, da lema, da riga mai tambari. Ya ce masa daga yau shi wakilin kamfani ne. Ba ma'aikaci ba, ya ƙara jaddadawa, abokin hulɗa. Hashimu bai damu da bambancin ba, rigar ta yi masa kyau. Sharaɗin ɗaya ne: kowane wata ya yi rajista da yawa, in ya gaza a karɓe na'ura a ba wani.

A nan ne aka yi kuskuren da sai ɗan garin ne zai gane yadda aka yi shi. Na'urar tana son hoton mai layi da zanen yatsansa. To wane magidanci ne a Tsamiya Biyu zai fito da matarsa bakin kasuwa wani ƙato ya haska mata fuska? Sai maigida ya zo ya ce, “Malam Hashimu, layin mai ɗakina ne. Sa taka fuskar kawai, ai duk ɗaya ne.” Tsofaffi kuma su aiko daga gida, ƙafa ba ta taku, a sa ta Hashimu. Wasu ma lafiyarsu ƙalau, hoton ne kawai ba sa so. Shi kuma Hashimu ga kunya, ga Abdulkabir na bugo waya yana cewa manya sun matsa masa lamba. Sai ya gyara hula, ya juyo da na'urar wajen kansa, ya ɗauka. Ya ɗauki kansa da hula, ya ɗauka ba hula, ya ɗauka yana murmushi, ya ɗauka ranar da haƙori ke damunsa. Kamfani bai taɓa tambaya ba, har yabo aka aiko masa.

Cikin waɗannan layuka akwai na Inna Hure, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya namiji, Sha'aban, magini ne. Shi ya saya mata ƙaramar waya mai madannai da layi a shagon Hashimu ana jibi zai tafi Aljeriya neman aiki. Ya zauna a kan bencin shagon yana maimaita lambar kamar mai bitar karatu har ta zauna masa a ka. Da farko yana kira daga wayoyin mutane, kullum da sabuwar lamba. Daga baya kiran ya yi nisa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Inna Hure ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba. Kowace safiya sai ta kwance ta daga gefen zaninta ta miƙa wa Hashimu, ta ajiye masa ƙuli-ƙuli a leda. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta san lambar tata ba ma, amma ta san abu ɗaya: in ɗanta na raye, ta wannan ƙofar kaɗai zai shigo.

Ana nan sai gwamnati ta ce kowane layi a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta mai shi, wanda ba a haɗa ba a rufe. Kamfanin da ya yabi Hashimu jiya, yau ya waiwayo ya ga mutum guda da fuskarsa a kan layukan gari guda, ya ce wannan ai ɗan damfara ne. Da hantsi saƙo ya shigo wayarsa cewa an soke wakilcinsa. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya tambaye shi ba'asi. Na'urar ma daga can suka kashe ta, tana hannunsa ta yi baƙi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya cire rigar ya ba matarsa Zakiyya ta riƙa goge tukwane da ita.

Sai dai ba lokacin fushi. Duk mai layi sai ya je ofishin kamfani a Bici, shi da Hashimu, a cire fuskar Hashimu a sa tasa. Nan fa gari ya ga abin kallo. Magidantan da suka rantse matansu ba za su tsaya gaban na'ura ba, su ne suka ɗauko shatar a-kori-kura, suka shimfiɗa tabarma a baya, suka kwashi iyali. Matan kuwa tamkar ranar biki, an sha lalle, an ɗauko mayafin ajiya. Wata ta ce a sake mata hoton, ba ta shirya ba. Hashimu ya yi ta zirga-zirga har masu shayin bakin ofishin suka daina tambayarsa me za a zuba. Ya dangwala yatsa har ya ce babban yatsansa ya fi shi shahara a Bici.

Kowa ya samu shiga, ban da Inna Hure. Kafin kamfani ya saurare ta sai ta samu lambar ɗan ƙasa, kafin ta samu lambar sai na'urar gwamnati ta karanta yatsunta. Yatsun da suka shekara suna ɓarar gyaɗa da matsar tunkuza da juya mai a kan wuta, zanensu ya goge, sun yi sumul kamar bayan cokali. Aka ce ta shafa mai, ta shafa. Aka ce a'a, ta wanke da lemon tsami, ta wanke. Aka ce ta daina aiki na ɗan lokaci zanen ya dawo.

“Ɗan nan,” ta ce da ma'aikacin, “in na daina aiki kai za ka riƙa kawo min tuwo?”

Ma'aikacin ya yi dariya, ya ce ba laifinsa ba ne, masu irin matsalarta sai an tura bayaninsu sama, kuma sama ba ta amsawa da wuri. Ga shi ranar rufe layuka ta matso. Hashimu ya san abin da Inna ba ta sani ba: layin da aka rufe, in ya jima, kamfani sake saida shi yake yi. Sha'aban zai buga wata rana, wani baƙo a wata jiha ya ɗauka.

Ya je ya sami Abdulkabir. Ya tarar da shi ya rame, yana zaune a bayan kanta maimakon kan babur. Shi ma an rage masa matsayi saboda wakilansa, kuma kullum yana duba waya yana jiran irin saƙon da aka turo wa Hashimu.

“Ka bar layin tsohuwar nan a kan sunana,” in ji Hashimu. “Da ma a kai yake.”

“Malam Hashimu, irinku da aka yi wa alama, layi ɗaya tak aka yarda a bar muku. Ba ni na tsara ba, kwamfuta ce ba za ta karɓi na biyu ba. Ko naka ko nata.”

Hashimu ya dubi wayarsa. Lambarsa ce a rubuce da jan fenti a bangon shago. Ita dillalan Dawanau suka sani, ita masu kawo kayan gyara daga Kano suke kira. Da ita ya yi zance da Zakiyya, lokacin da take aron wayar yayanta ta buga ta kashe don ya biyo. Zuciyarsa ta yi nauyi, ba zai ɓoye ba. Amma duk wanda ke neman sa ya san hanyar shagonsa. Sha'aban kuwa hanya ɗaya gare shi.

“Bar nata,” ya ce.

“Ka tabbata? In na danna ba gyara.”

“Danna kafin in tuna da Zakiyya.”

Zakiyya ba ta raga masa ba. Ta ce ita lamba ɗaya ta haddace a duniya, shi ne ya kyautar da ita ba ko shawara. Ta yi kwana biyu tana zuba masa miya ba nama. A na uku ta dafa dambu ta ce ya kai wa Inna Hure.

Shi bai faɗa wa tsohuwar komai ba, amma a Tsamiya Biyu magana ba ta kwana a gida ɗaya. Wata safiya ta zo, maimakon ta miƙa waya ta juya, sai ta tsaya tana kallon bangon da ya shafe lambarsa a kai da farar ƙasa.

“An ce ka kashe taka ka raya tawa.”

“Inna, ai duk tawa ce. Sunana ke kai.”

“To tunda taka ce, rubuta ta a nan. Mai nemanka ya kira, ni zan ɗauka.”

Haka aka yi. Wayar da ta shekara ba ta yi ƙara ba sai saƙon talla, yanzu ta koma ba ta hutawa. Inna Hure ta kwaso tiren ƙuli-ƙulinta ta dawo gindin lemar kamfani, wadda ba su tuna sun karɓe ba. Ta zama mai amsa kiran shago, kuma ba a taɓa yin mai tsare ƙofa irinta ba. Dillalin Dawanau in ya tsaya dogon gaisuwa sai ta katse shi. Mai tambayar ko wayarsa ta cika sai ta ce ya tako ya gani da idonsa. Kowa dokar ɗaya ce: ka faɗi abin da ya kawo ka ka sauka, kada a kira a ji layi a cike. Hashimu ya yi asarar wasu masu ciniki saboda bakinta, ya kuma samu wasu da ke kira don kawai su ji faɗanta. Tsohuwar lambarsa kuwa an sayar wa wani mutumin kudu da ba ya jin Hausa, wanda har yau mutanen garin kan buga masa su tambayi Hashimu, ya yi ta masifa da Turanci.

Abin da Hashimu ya lura da shi bai gaya wa kowa ba. Duk sanda wayar ta yi ƙara, kafin Inna ta ɗauka sai ta goge hannunta a zani, ta gyara zama. In ta ji murya sai kafaɗunta su sauka, sannan faɗan ya biyo baya. Yakan sunkuyar da kai kan aikinsa ya yi kamar bai gani ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata ranar kasuwa da la'asar, yana cikin canza wa wata waya gilashi, ta Inna ta yi ƙara. Ta goge hannu, ta kara a kunne. Can ɓangaren aka yi sallama, muryar na yankewa, ga hayaniyar masu awo a gefe.

“Wa alaikumus salam. Hashimu na aiki,” in ji ta. “In caji ne ka zo da kanka, in gyara ne sai gobe. Yi maza ka sauka, ina jiran kiran ɗana.”

Wayar irin mai ƙarfin murya ce, ana jin ta har cikin shago. Hashimu ya ji an ce, “Inna, ni ne. Sha'aban ne.”

Tsohuwar ta riƙe wayar da hannu biyu, bakinta na motsi. Hashimu ya ajiye sukudireba a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla, bai kuma ji kunyar hakan ba. Wani mutum ya iso da wayarsa a hannu zai yi magana, Hashimu ya ɗaga masa hannu, ya fito ya ja shi gefe.

“Yau an rufe,” ya ce masa ƙasa-ƙasa. “Mai layin tana magana.”