Jan Kwanon da Aka Ware Mini

Shekara goma sha ɗaya muna ciyayya a ƙofar shagona a Anguwan Rogo, mu shida. Bayan azahar a kawo wa kowa daga gidansa, mu haɗa, mu sa hannu a kwano ɗaya. Ni tela ne, huɗu 'yan tireda, sai babbanmu, Baba wanzami, wanda yake mana aski duk Juma'a da askarsa guda tilo.

Na je ba ƙanwata jini a asibiti, aka ce nawa ba zai yi ba, ina da hepatitis. Da bakina na gaya wa abokan ciyayyata, don ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Washegari sai ga wani jan kwanon roba a gefen tabarma, har da cokali. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Cutar nan ko sunanta ba daɗin ji."

Loma biyu na yi na tashi. Wallahi ya yi mini ciwo.

Da na koma asibiti, kafin maganar magani, sunan na fara tambaya. Likitar, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Jos, ta yi dariya. "Oga tela, suna ne ya ba ka tsoro? Yaren Girka ne. Hepar shi ne hanta, itis kuma kumburi. Kumburin hanta, shi ke nan." Ta ce irin tawa ba a ɗaukarta a kwano. Jini take bi: allura, haihuwa, reza, aska.

Hanta fa! Wadda nake faɗa da mai tsire a kanta in ya rage mini. Wai don an sa mata sunan Girkawa za a tashe ni daga tabarmar ƙofar shagona?

Ranar na kife jan kwanon a kan benci, na wanke hannu, na zauna a wurina. Na fassara musu sunan ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, "Baba, kwano bai yi laifi ba. In tsoro za ku ji, ku ji tsoron askar Juma'a, kaina da naku duk ta bi. Ku je a gwada ku." Na tsoma hannu a tuwo.

Ba wanda ya motsa. Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya yi bisimilla, ya yanki loma daidai inda hannuna ya tashi.

Da Juma'a ta zo, ya buɗe zabirarsa a gabanmu. Reza ce sabuwa a takardarta, guda shida.