Motar Munkaila Tana Jego

Uwani, aje ƙwaryar nan ki zamna. Kin tambaye ni mi yas sa aka ce ma wana Munkaila "mijin maijego" har yab bar duniya. To, saurara.

Shi direba na. Ya daɗe shina jan manyan motocin siminti Malbaza, har bayanai yag gaji, yad dawo gida Tajaye da wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya. Ba shi da mata. Matatai Barira ta rasu tun muna da ƙuruciya. Haihuwa tay yi cikin kaka, aiki ya yi yawa, ba a bari tay yi arba'in ba anka tashe ta ga daka da ɗaukar damma. Jini yab ɓalle mata. Jinjirin ma bai daɗe ba yab bi ta. Munkaila bai ƙara aure ba, kuma ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba, sai sau guda.

Shekarad da anka karya darajar sefa, injin motar yab buga. Yak kai ta Konni wurin wani makanike, Lurwanu. Anka hidda cikin injin duka, anka gyara, anka maida. Lurwanu yac ce mai: "Baba, ka dai ga yadda kayan gyara sunka yi wuta. In wanga ya sake bugawa, sai dai kaji su kwana cikinta. Ka yi mata rodaji."

Da yad dawo nac ce, "Yaya, mine ne kuma rodaji?"

Yac ce, "Jego na, Hawa'u. An taɓa mata ciki. Ba gudu, ba kaya, sai ƙarhe ya saba da ƙarhe."

Har man injin da za ta sha, sai da yaz zaɓa. Ga mai nan cikin kwalabe bakin hanya, wanda aka shigowa da shi daga Najeriya, da araha, kowa shi shika zubawa. Shi ko yaƙ ƙi. Wai ba ka sanin abin da anka gauraya ciki. Yas sawo na gwangwani mai rufahhen baki, mara kauri ƙwarai. Yac ce mai kaurin sai ta warke. Nac ce, "Ashe kunun kanwa za ta hwara sha kahin tuwo." Ranan dai na ga haƙoranai.

To, abin ya hwaɗo cikin kaka, wake ya yi kyau, kowa na son kai buhu kasuwar Illela. Maigidana Amadu, kakanku, yat tahi wurinai da kainai.

"Munkaila, buhunan wake na nan ƙohwar gida. Gobe da sahe."

"Yi haƙuri, Amadu. Tana jego."

"Wa?"

"Motar."

"To, barka! Mi anka samu, jaki ko keke? Yaushe suna?"

Mutanen da ka wurin sunka bushe da dariya. Amadu bai yi dariya ba, yad dawo gida shina huci. Yac ce surukin da ka hihita ƙarhe bisa dangi, hurar gidanai ba ta ƙara zuwa wurinai. Ni ko ni ka aika mai da hura kullum tun rasuwar Barira. Nab bari. Mi za ni yi?

Kullum da hantsi sai ka gan shi ya kama hanyar Malbaza, shi kaɗai, bayan mota wayam, shina tahiya awa mai rakiyar gawa. Mata da kaya bisa kai suna ɗaga mai hannu, shi ɗaga masu, shi wuce. Masu amalanke na yi mai kirari, "Mijin maijego, a gaida mai ɗaki!" In ya zo dandali, sai hira ta mutu. Daga baya yab bar zuwa. In na bi ta ƙohwar gidanai za ni rijiya, sai in hange shi ya buɗe gaban mota, ya kara kunne, shina saurare. Gasasshen rogo shika saye bakin titi shi ci.

Ran da rodajin yaƙ ƙare, yak kirawo ni ta bisa danga. Ya juye man injin cikin wani tsohon kwano, baƙi ƙirin. Yak karkata shi ga rana. Sai ga wasu 'yan abubuwa suna walƙiya ciki awa yashi.

Yac ce, "Garin ƙarhe na. Kin ga abin da ka hita jikinta. Da na aza mata buhuna, cikinta za shi tsaya shi cinye ta." Yad dubi kwanon. "Barira ba mu jira ta ba. Ina tsaye anka aza mata damma."

Shi ke nan abin da yac ce. Yaz zuba sabon mai, mai kaurin.

Ran kasuwa yaw wanke mota, yak kai ta ƙarƙashin gawo, yab buɗe baya. Shina tsaye, hantsi yay yi, rana tat take. Ba wanda yaz zo. Duk sun riga sun ƙulla da motar wani Yero, suna wucewa ta gabanai suna kauda kai.

Ni ina kallo daga zaure. Naɗ ɗauki ɗan tulin kuɓewata busassa, wadda ko akuya na iya ɗauka, nac ce ma Amadu za ni kasuwa. Yad dube ni, yad dubi gindin gawo, yac ci gaba da tukar igiyatai. Nat tahi nash shiga gaba naz zamna.

Injin na ta waƙa lahiya lau, amma tahiyar sannu-sannu. Motar Yero tab bi ta gehenmu tab bar mu cikin ƙura.

Nac ce, "Yaya, ai ta gama jego. Taka mana."

Yac ce, "Ita ta gama."

Motar nan ta yi shekaru tana aiki, har bayan ranai. Mutane sun dawo daga baya, masu tsoron gudu da tsohi irina. Sunan dai bai bar shi ba, kuma in an kira, amsawa shikai.