'Yar Haya a Kunnen Yaya

Yayana gyaran keken ɗinki yake yi, shekara talatin da 'yan kai, kuma da kunne yake aikin. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙofar gida: benci ɗaya, gwangwanayen kusoshi, da kawunan kekuna jere a kan kanta. In an kawo masa keke, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce, "Taka." Kafin a taka sau goma ya nuna inda ciwon yake.

Bara wata ƙara ta tare a kunnensa na hagu, siririya kamar kukan gyare. Likita ya duba, ya ce sai dai a koyi zama da ita. Yaya ya raɗa mata suna 'Yar Haya, ya kuma hana mu faɗa wa kowa. Wa zai kai kekensa wurin mai gyaran da kunnensa ke shirga masa ƙarya?

Asiri ya kusa tonuwa a kan keken Tela, wata dattijuwa mai ɗinki a bakin layinmu, wadda in ta ce wane ya iya aiki, duk telolin unguwa can za su nufa. Ta kawo shi ne don zare na yawan tsinkewa. Yaya ya tashi daga barcin rana, ya saurara, ya ce akwai fito a ciki. Ya kwance keken kaf, ya ɗaura. Washegari ya tashi daga barcin rana, fito na nan. Haka har kwana uku.

Tela ta zo ta tarar da kekenta a warwatse. Ta ce, "Malam, zare na ce maka, ban ce ka yi masa tiyata ba. Gobe da azahar zan ɗauki abina, ya gyaru ko bai gyaru ba."

Da yamma na shiga gidan na same shi zaune a tsakar gida, ya yi tagumi. Matarsa ta dube ni ta ce, "Ni fa na lura da wani abu. In ya farka da safe, ko raɗa na yi a kicin sai ya amsa. Amma in ya tashi daga barcin rana, sai ya yi ta hararar bango yana sosa kunne."

Na ce, "Ke kuma me kike raɗawa a kicin?"

"Gulmar ƙanin miji mai zuwa cin abinci ba gayyata."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce gaskiya ne. In yana barci ba ya jin 'Yar Haya sam. In ya farka da safe ita ba ta farka ba, sai rana ta ɗaga take fara miƙa, tana ƙaruwa a hankali. Amma ɗan barcin rabin awan nan, yana buɗe ido za ta taso masa kamar an zagi uwarta. Shi kuwa tun yana saurayi, sai ya tashi daga barcin rana yake sauraron keke, wai lokacin kansa ya fi washewa.

Washegari tun bai sha shayi ba ya tura aka taso ni. Na tarar ya harhaɗa keken. Na zauna na taka, ya ɗora sukudireba, ya lumshe ido.

Ya ce, "Babu fito. Sake takawa, a hankali."

Sai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙasa. Ya zaro ƙoshiya, ɗan ƙarfen da ke ɗauke da zaren ƙasa, ya shafa bakinta da yatsa: ɗan kaushi ne ke yanke zaren. Ya goge shi cikin minti biyu.

Da Tela ta zo ta gwada, ɗinki ya tafi sumul. Yaya bai jira tambaya ba, ya faɗa mata komai, har da sunan 'Yar Haya.

Ta gyara tabarau ta ce, "Wato kunnen naka da safe yake buɗe shago?"

"Da safe kawai, Hajiya."

"To, sai mu riƙa zuwa da safe. Abin da ka ɓoye ke nan har ka kusa kashe mini keke?"

Yanzu sauraro na safe ne, sa mai da ɗaure kusoshi na yamma. Barcin ranarsa ma bai fasa ba. Ni ne dai na shiga uku, don ya ce babu ƙafar da ke taka masa daidai sai tawa, kuma kafin shayi.