Harmonikar Baba da Kujerar Makka

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu waɗanda yanzu sai an tuna min, amma shekarar da likita ya ba mahaifina abin busa a matsayin magani, wannan kam ko tsufa ya cinye min tunani ba na jin za ta fita daga kaina.

Lokacin muna zaune a Gwagwalada, ni kuma ina aiki a wata ma'aikata a cikin gari, kullum ina bisa hanya. Baba injiniya ne da ya yi ritaya daga sashen gyaran injuna, kuma mutum ne da bai yarda akwai abin da aka ƙera daidai a duniyar nan ba. Fankar falonmu sai da ya sake mata fukafukai. Injin markaɗen Mama ya ƙara masa gudu, har ranar da tattasai ya yi wa silin ado. Aƙidarsa ɗaya ce, kuma mun haddace ta tun muna yara: duk aikin da yake sa mutum gumi, wanda ya tsara shi bai gama tunani ba.

A shekarar ne shi da Mama suka samu kujerar Makka, burin da suka daɗe suna yi tare. Sai dai ƙirjin Baba ya gaji. Shekarun da ya kwashe yana shaƙar hayaƙin injuna sun bar masa tsaraba, har ta kai in ya fita masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa katanga. Ni na kai shi asibiti. Likitan matashi ne, a Abuja ya koyi Hausa, amma ba ya kwana-kwana. Ya gwada Baba, ya ce ba zai sa hannu a kan tafiyar ba sai huhun ya ƙara ƙarfi. Bayan ya rubuta magunguna, sai ya ja durowa ya fito da harmonika, ɗan abin busan nan na ƙarfe mai ramuka a jere, wanda in ka hura ya yi sauti, in ka zuƙa ma ya yi.

"Baba, wannan za ka busa kullum, safe da yamma," in ji shi. "Ka hura, ka ja. Shi ne za ta buɗe maka ƙirji."

Baba ya dubi abin, ya dubi likita. "Likita, ka ga na yi kama da mai roƙo a gidan biki?"

"A'a Baba, ba waƙa nake so ba. Numfashi nake so."

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce mene ne a ciki. Amma a wajen su Baba, kiɗa da busa sana'ar wasu ce, gadonta ake yi, kuma dattijo mai furfura ba ya kumbura kumatu a gaban jama'a. Darajar Makka ce kawai ta sa ya miƙa hannu ya karɓa, da yatsu biyu.

Ranar farko muna kicin muka ji wani sauti kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai kuma salati da ƙarfi. Muka ruga. Ashe murfin abin ne ya kama gashin bakin Baba ya tsige. Yana riƙe da leɓe, ido ya kawo ruwa, ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ba shi da gashin baki. Daga nan aka fara kuskure." Kafin magariba ya yanka gwangwanin madara, ya goge bakinsa sumul, ya yi wa harmonika sabon murfi. Da katakon cikinta ya kumbura saboda yawu ya fara yankar masa leɓe, ya cire shi ya sassaƙa na roba. Gaskiya waɗannan gyare-gyaren sun yi kyau, har na riƙa yi wa abokan aikina alfahari. Busar dai ba daɗi, amma yana yi.

Sai wata yamma amininsa, wani Bakatsine mai shagon yadi, ya shigo gaisuwa ya iske shi a baranda kumatu a cike. Ya tsaya, ya tafa hannu.

"Injiniya! Ashe sana'a ka sake ba mu da labari? To ɗiyata za ta yi aure, in riƙe maka rana?"

Baba ya yi yaƙe ya tura harmonika aljihu. Kafin sallar isha'i labari ya zagaye majalisarsu, kowa ya gan shi sai ya tambaye shi ko yana zuwa suna. Washegari Baba ya kwashe kayansa ya koma gareji, ya sa sakata, ya ce kada wanda ya shigo masa. Kwana da kwanaki ba mu ji busa ba, sai ƙarar zarto da guduma. Da na yi magana ya ce, "Uwata, ki bar ni, ina gyara mata zama ne." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Rannan da safe ina shirin fita sai na ji sauti yana fitowa daga gareji. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sauti ne mai daɗi, mai kauri, ya miƙe ya yi ta tafiya ba yankewa. Mama ta fito da ludayi, muka dubi juna. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ƙirji ya buɗe!"

Ni da zumuɗi, na manna wayata a jikin ƙofa na naɗi sautin na tura wa likita. Ba a jima ba ya kira ni. "Madam, wannan Baba ne? Ni kaina ba zan iya ja haka ba!" Daga ranar na zama mai kai rahoto. Kullum sai na naɗa na tura, kullum busar tana ƙara tsawo. Mama ta sauko da jakunkuna, ta sa aka yi dambun nama, maƙwabta suka fara shigowa da saƙon addu'o'in da za a yi musu a gaban Ka'aba. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min a rai: har lokacin Baba yana dafa katanga a hanyar masallaci. Da na tambaye shi, ya ce ƙafarsa ce take ciwo. Kuma bawan Allah, gaskiya ya faɗa.

Ranar komawa asibiti ta zo. Za mu fita ni da shi da Mama, sai ya ce in buɗe bayan mota, ya cicciɓo wani ƙaton kwali ɗaure da igiya ya saka. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Na likita ne."

Likita ya tarbe mu da fara'a, ya miƙa wa Baba bututun na'urar auna numfashi ya ce ya hura iya ƙarfinsa. Baba ya hura, tari ya sarƙe shi. Likita ya dubi na'ura, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce a sake. Aka sake. Ya sauya bakin bututun ya hura da kansa, na'ura ta nuna lafiyarta ƙalau.

"Baba, ban gane ba. Numfashinka ya ma ragu. To wanene yake busa abin da Madam take turo min? Ka busa a nan in gani."

Na zaci Baba zai ji kunya. Ina! Fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce, "Uwata, ɗauko kwalin nan."

Abin da ya fito daga kwalin, ban taɓa ganin irinsa ba. Wani falankin katako ne, a kansa an ɗaure harmonika a jikin ƙarfen durowa, yadda za ta riƙa zamewa hagu da dama in an tura ta da yatsa. A gabanta bakin tiyo ne, tiyon ya gangara ƙasa ya shiga wani zugazugi irin na maƙera, shi kuma an haɗa shi da abin takawa na tsohon keken ɗinki. Mama ta ƙura wa zugazugin ido, ta dafe ƙirji.

"Malam! Jakata ta fata! Ashe nan ta shige, na yi ta zargin masu aiki?"

Bai ko kalle ta ba. Ya gyara zaman babbar riga, ya ɗora ƙafar dama, ya fara takawa. Sai ga sautin nan da na yi watanni ina naɗa ya cika ɗaki, ya fita har baranda. Ma'aikatan jinya suka leƙo, masu jiran layi suka taso, wani tsoho da ledar magani a hannu har yana gyaɗa kai. Baba yana takawa yana bayani, murya tar.

"Ka gani, likita? Bawul biyu na sa mata, ɗaya na hurawa, ɗaya na zuƙa. Ba yawu, ba tsige gashin baki, ba kumbura kumatu. Mutum yana busa yana amsa sallama, mutuncinsa na nan. Masu ƙera ta ba su taɓa tunanin wannan ba."

Mutane suka yi tafi. Likita kuwa ya zauna a hankali ya riƙe kai da hannu biyu.

"Baba, yaushe rabon da bakinka ya taɓa wannan abu?"

"Tun da na gama gyara ta."

"To huhu fa?"

"Ai in na taka da yawa ina haki. Hakin ba numfashi ba ne?"

Likita ya sunkuya ya matsa ƙwaurin Baba na dama, ya matsa na hagu. Ya ɗago ya ce, "Wannan ƙafa ta dama, na yarda, ta shirya. Ita kaɗai zan iya sa wa hannu ta tafi Makka."

Na yi dariya har na durƙusa. Sai da na ɗago na ga fuskar Mama, dariyar ta yanke. Ita tuni ta gane abin da ni ban kai ga ganewa ba. Lokacin tafiya ya ƙure. Baba ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya yi alkawarin zai fara daga yau. Likita ya sassauta murya ya ce masa akwai zafi, akwai cunkoso, akwai doguwar tafiya a ƙasa, kuma shi so yake Baba ya je ya dawo. Bai sa hannu ba.

Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka kusa gida Baba ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Ke ki tafi. Ƙaninki ai zai je bana, sai ki bi shi. Kujerarki ce."

Mama ta ce, "Tare muka yi niyya, Malam. Ranar da ka gama yi wa ƙirjinka dabara, sai mu tafi."

Muna shiga gida ta zauna a tsakar ɗaki ta fara kwance jakarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mita ba. Ta ninke fararen kayan ta mayar cikin akwati, ta ƙulla dambun naman a leda-leda ta ce a raba wa maƙwabta. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonta. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin Baba kamar ranar ba.

Da aka idar da la'asar, ya ɗauki sukurdireba ya kwance harmonika daga jikin katakon. Ya ɗauki kujera ya fita ƙofar gida, daidai lokacin da hanyar take cike da masu wucewa, ya zauna ya sa ta a baki. Sautin ya fito a guntule, yana yi yana tari, yana tsayawa ya huta ya sake. Mutane suna waiwaye, wasu suna murmushi, bai sauke ta ba. Haka ya yi ta yi kullum, unguwa ta sha wahalarmu, har shekara ta zagayo likita ya sa hannu, suka tafi tare suka dawo lafiya.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari, akwai wahalar da ba a yi mata dabara, don ita kanta ce maganin, in ka cire ta ka cire amfanin. Kuma tun daga lokacin, duk sanda na ji ina shirin barin abin da zai amfane ni don gudun kada a yi min dariya, sai in tsaya in tambayi kaina wa zai ɗauki asarar. Masu dariyar dai ba wanda ya rasa komai a cikinsu. Mama ce ta kwance jakarta.